Sawun Ƙarƙashin Ƙwarya

Ranar Juma'a aka rotse wa Hajiya Mardiyya dillaliya kai, da rana tsaka, a daidai lokacin da mazan unguwar suke masallaci suna sauraron huɗuba. Matar maƙwabcinta ce ta ji nishi, ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga, ta hango ta kwance a bakin madafa, jini ya rine ɗankwalinta, taɓarya na yashe a gefe. Akwatin da take ajiye sarƙoƙi da 'yan kunnen da matan aure ke ba ta ta sayar musu kuwa, sai gurbinsa. Aka sa ta a mota aka nufi asibiti a Gusau, babu wanda ya san ko za ta kai.

Wannan shi ne karo na uku a daminar nan a Ƙauran Namoda. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a sabuwar jihar, mutane sun yi ta bugun ƙirji cewa ɓarawo sai dai ya nemi wata ƙasar. An rufe gidajen giya, 'yan caca sun watse. Amma ga shi shekara ta zagayo har da ɗoriya, masu adda da gora kamar ba su ji sanarwar ba. 'Yan sanda kuwa, kada ma ka kawo zancensu a majalisa. Kowa yana da labarin ɓarawon da aka kai musu da safe, aka gan shi da yamma yana shan shayi a bakin tasha. Ko labaran da yawa ne, ko guda ɗaya ne ake ta juyawa, wannan ba ya cikin abin da ake tambaya. Alƙali kuma ya ce a kawo shaidu, sai ka ce ɓarawo yana raba goron gayyata. Saboda haka idan abu ya faru ba caji ofis ake gudu ba, gidan Magaji mai bin sawu ake nufa.

Magaji mutumin Banga ne, ya ba shekara sittin baya, siriri, wuyansa ya ranƙwafa saboda kallon ƙasa. A wurin ubansa ya koyi sana'ar, suna bin shanun sata ta Gurbin Ɓore har kan iyaka. Yana zaune a ƙofar gida bai ma cire rigar masallaci ba, sai ga Muhtari a kan babur. Muhtari mai gyaran babura ne, kuma mataimakin shugaban 'yan sintirin unguwar, kakkauran mutum mai fara'a wanda ba a taɓa riga shi zuwa wurin da abu ya faru ba.

"Baba Magaji, taso! An kashe Hajiya Mardiyya, ko ko an kusa. Amma Allah ya tona mai asiri, ya bar sawu bayan katanga. Ni nik kihe shi da hannuna."

Haka ake yi a ƙasar tun kaka da kakanni. Duk wanda ya fara ganin sawun ɓarawo, sai ya sami ƙwarya ya kife a kai, don kada awaki da ƙafafun 'yan kallo su ɓata shi kafin mai bin sawu ya iso. Magaji ya ɗauki sandarsa ya hau bayan babur, gabansa na faɗuwa. Shekara guda ke nan ba a zo ɗaukarsa gabansa bai faɗi ba.

*

Lungun da ke bayan gidan Hajiya ya cika maƙil. A bakinsa Magaji ya tarar ana korar wani ɗan sanda, Saje Halilu, da kuratansa biyu, ana yi musu ihu, wani ma har da jifa. Sajen ya tsaya ya dubi Magaji kamar zai yi magana, sa'an nan ya juya.

Aka dare aka ba Magaji hanya. Ga ƙwaryar nan a gindin katanga, tsohuwa mai ɗinki a baki. Ya tsuguna ya ɗaga ta.

Sawun ƙafar hagu ne, babu takalmi, ya fito raɗau. Yatsu huɗu. Ba sai an yi shekara arba'in ana bin sawu ba kafin a karanta wannan. Duk unguwar mutum ɗaya ne ba shi da ƙaramin yatsan hagu, wato Murtala mai ga-ruwa, baƙon da ya zo daga wajen Zurmi cin rani ya zauna. Ashe ma tuni an kamo shi an kulle a zauren mai unguwa, Alhaji Sanusi. Abu ɗaya ya rage, Magaji ya buɗe baki ya ce shi ne.

"Baba, hwaɗi kawai," in ji Muhtari yana murmushi. "Idonka ya hi na 'yan sanda dubu."

Kalmomin da ya faɗa bara ke nan, ba ƙari ba ragi. Bara an sare maigadin wani sito a bayan tashar jirgi, aka kwashe kaya. Aka kai Magaji gaban ƙwarya kamar wannan, ya ɗaga, ya ga takalmin taya mai faci a dunduniya, ya ce na Ado ɗan dako ne. Bai gama rufe baki ba jama'a suka kwasa a guje. Kafin 'yan sanda su iso, Ado ba ya motsi. Aka ɗauki Magaji a kafaɗa ana yi masa kirari. Kayan siton kuwa, har yau ba a ga ko tsinkensu ba, sara kuma bai tsaya ba. Tun ranar wani abu ke cin zuciyarsa, ya rasa sunan da zai sa masa.

Ya sake duban sawun. Wanda ya diro daga katanga da yatsu yake sauka, ya tona ƙasa, ya zame. Wannan kuwa dunduniya ta zauna daram, tafiyar mutum ce wanda ba abin da ya kore shi.

Ya mayar da ƙwaryar, ya ɗora mata dutse.

"Ku ba ni zuwa magariba."

Wuri ya kaure. Wani ya ce tsufa ya kama shi, wani ya ce 'yan sanda sun saye shi. Alhaji Sanusi ya ɗaga hannu da ƙyar aka yi shiru.

"Zuwa kiran magariba, Magaji. In ta wuce, ka dai san ƙohwar zaurena ta icce ta, ba ta ƙarhe ba."

*

Murtala yana rakuɓe a kusurwar zaure, leɓensa ya kumbura. Da ya ga Magaji sai ya rarrafo ya kama ƙafarsa.

"Baba, kai ka san ni. Wallahi ban yi ba."

Magaji ya kau da kai. Ado ma haka ya ce.

"Mi yak kai ka lungun ga?"

"Hanyata ta zuwa rijiya, kullum da sahe. Yau ma na bi. Na kai ma Hajiya garwa biyu tun kahin ruwan nan na hantsi, har tab ba ni sauran koko."

"Ina kay yi Juma'a?"

"Waje, can baya bakin titi. Ban san waɗanda ag gehena ba, ƙauyawa na."

"Wannan jinin hwa, na hannun rigarka?"

Murtala ya buɗe tafinsa. Yanka ne siriri, irin wanda bakin garwa ke yi, har ya fara kamewa. Magaji ya gamsu, amma ya san gamsuwarsa ba za ta tsayar da gora ko ɗaya ba. Mutum ba shi da dangi a gari, ba shi da shaida, ga jini a riga, ga sawunsa a ƙarƙashin ƙwarya. Ko shi ne a cikin taron da ya ce a kawo shi.

*

Ya zaga ƙofar gidan Hajiya. Cikin gida an tattake komai, sai ka ce an ci kasuwa. Amma a gefen dakali ya ga sawun tayar babur wanda ya bi ta kan damshin bayan ruwa. Ya tambaya, aka ce ai na Salim ne, jikanta, ɗan kabu-kabu. Nan take bakuna suka buɗe. Ba a gan shi a masallaci ba. Makon jiya an ji suna cacar baki da kakar tasa. Mutanen da ɗazu suka rantse Murtala ne, yanzu sun fara cewa dama su sun daɗe ba su yarda da idon Salim ba.

Ya same shi a gidan mai yana shan mai zai bi su Gusau, idanunsa jajur.

"Ina kat tahi lokacin salla?"

"Yawo."

"Yawon ina?"

Salim ya shiga murza makulli. Magaji bai sake tambayarsa ba, ya tsuguna gaban babur ɗin. Jan laka ya cika ƙarƙashin madigadi, irin na hanyar Sakajiki, babu shi a cikin gari. A jikin salansa kuma ga wani ɗan tabo kore, robar takalmi ta narke ta manne, har da ƙyalƙyali irin na takalman mata.

"Macce kaɗ ɗauka."

Salim ya waiga hagu da dama. Tun da aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, wanda aka kama bulala ce da ƙwace babur.

"Baba, don Allah rufa man asiri. Ɗiyanta na ba lahiya, ta karɓo magani, ba mota sai yamma. Tana kuka. Na biyo gida in gaya ma Hajiya, tac ce in kai ta Allah na gani. Da ban tahi ba da ina gida, da wannan bai hwaru ba."

Ya kifa kai a kan babur ya fashe da kuka. Magaji ya dafa shi, ya ce kada ya tafi Gusau sai bayan magariba, yana bukatarsa. Ya juya da nauyin zuciya. Ya wanke mutum ɗaya, amma ba wanda ke kulle ba, ga la'asar ta yi har an sallame.

*

Mutum ɗaya ya rage wanda ke ganin bakin lungun nan kowace safiya, kuma ita ce wadda Magaji ya shekara yana sake hanya don kada su haɗu. Rahama, matar marigayi Ado. Tun da ta gama takaba take suyar waina a gindin dalbejiyar da ke kallon lungun. Mata kaɗan ke aika saye a wurinta, yawancin cinikinta matafiya ne da ba su san ta ba.

Ya tarar da ita ta fito kwashe kayanta. Ya yi sallama, muryarsa ta fito 'yar ƙarama. Ta amsa sallamar, don ita sallama ba a ƙin ta, amma ba ta dube shi ba.

"Mi kaka biɗa?"

"Ko kin ga wanda yas shiga lungun ga yau?"

"Ni ba ni ganin kowa. Kai aka kira mai ido. Da nig ga hadari na kihe kayana nis shige gida."

Ta sunkuya ta ɗaga babbar tasar da ta kife a kan tanda da 'yan itatuwanta tun kafin ruwa. Magaji, wanda kunya ta hana shi ɗaga kai, idonsa na ƙasa. Abin da ya sa ya gani ke nan.

Ruwan hantsin nan yayyafi ne mai manyan ɗigo, bai daɗe ba ya ɗauke, rana ta busar da shi. Amma ya bar shaidarsa. Duk yashin wurin ya yi 'yan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Inda tasar ta rufe kuwa, da'ira ce sumul, ko ɗigo ɗaya bai taɓa ta ba.

Bai san lokacin da ya tsallaka titi ba. Lungun ya yi sauƙi, jama'a sun koma ƙofar mai unguwa suna jiran magariba. Ya kawar da dutsen, ya ɗaga ƙwaryar, wannan karon bai kalli sawun ba, ya kalli ƙasar da ke kewaye da shi. Sumul. Waje duk zanzana, ciki babu ko ɗaya.

An kife ƙwaryar nan tun kafin ruwa. An kife ta Hajiya na zaune lafiya tana shan koko. Wani ya ga sawun Murtala da safe, ya adana shi kamar yadda ake adana iri, ya jira aka tafi masallaci.

Sai abin da ya shekara yana cin sa ya zo da sunansa. Bara, da ya ɗaga ƙwaryar Ado, akwai saƙar gizo-gizo a cikinta, daga baki zuwa baki. Ya gan ta. Ya sa babban yatsa ya share, ya goge a riga, don a lokacin ana kiran sunansa ana tafi. Gizo-gizo ba ya gama saƙa irin wannan tsakanin ihu da zuwan mai bin sawu. Ya san haka tun yana yaro. Ya sani, ya share.

Ya dogara da sanda ya koma gindin dalbejiya.

"Rahama, wa yak kihe ƙwaryar bara?"

Sai yanzu ta dube shi.

"Sai yau kaka tambaya? Wanda yaɗ ɗauko ka bisa babur."

"Ado bai yi ba," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi bai yi ba. Ki yahe man."

"Ni kaka gaya ma? Ni da munka kwan ɗaki guda da shi ranar? Na hwaɗa, na yi kururuwa, wa yaj ji ni? Ba nan kac ce shi na ba, Magaji. Gaban mutane kac ce. Can za ka kai wagga magana, ba gindin iccena ba."

Ta ɗora tasar a ka ta shige gida.

*

Tun da aka haife shi bai taɓa taka caji ofis da ƙafarsa ba sai ranar. Saje Halilu, mutumin wajen Bauchi ne, ya saurare shi har ya gama bai katse shi ba.

"Ɗazu jifan mu suka yi," ya ce. "In muka koma, me zai hana?"

"Ni zan tsaya gaba. Amma ka yi man alkawali, in na ba ka shi, ba a ganin shi tasha gobe."

"Baba, mu ma muna da namu laifin, ban ce ba mu da shi ba. Amma sau nawa muka kai mutum gaban alƙali, aka kira shaida ba wanda ya zo? Kowa ya ce ba ruwansa da kotu. To da me za a riƙe shi?" Ya ɗauki hularsa. "Na bara dai ba ku ba mu shi ba. Mu je."

*

Rana ta yi ja lokacin da Magaji ya sa aka tara mutane a lungun. Aka kawo Murtala a ɗaure, aka kawo Salim, ga mai unguwa, ga Muhtari da 'yan sintirinsa riƙe da gorori. Da aka hango kakin 'yan sanda a bayan Magaji sai gunaguni ya tashi.

"Mi yak kawo waɗanga? Sun zaka su sake shi!"

"Baƙina na," in ji Magaji. "Wanda yaj jehe su, in tahi gida da maganata."

Gunagunin ya kwanta, don kowa maganar yake jira.

Ya fara da Salim, ya ce ya duba babur ɗinsa, yaron yana hanyar Sakajiki lokacin salla, bai kuma faɗi abin da ya kai shi ba. Sa'an nan ya juya wurin Muhtari da sakin fuska.

"Muhtari, yau kai kay yi muna aiki. Gaya ma jama'a yadda kag ga sawun."

Muhtari ya gyara tsayuwa, ya ji daɗi. Ya ce yana fitowa daga masallaci ya ji ihun mata, hankalinsa ya ba shi ta baya aka haura, ya zagayo, ya ga sawu, ya tsinci ƙwarya a kan juji ya kife.

"Da hannunka?"

"Da hannuna, Baba."

"Bayan an sallame Juma'a?"

"Bayan an sallame. Ga mutane nan sun ishe ni duƙe bisa gare ta."

Mutane da dama suka ce ƙwarai, sun same shi a duƙe yana kiran a zo a gani. Magaji ya tambaya ko akwai wanda ya ga lokacin da ya ɗora ta. Aka dubi juna, ba a sami ko ɗaya ba.

"To yaushe anka yi ruwa yau?"

"Da hantsi," aka amsa baki ɗaya. "Tun kahin a yi wankan masallaci."

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai unguwa, "duƙa ka diba ƙasag ga. Mi kag gani?"

Alhaji Sanusi ya tattare babbar riga ya duƙa. "Tabon ruwa. Ko'ina."

"Ɗaga ƙwaryar da kanka."

Ya ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi waje, ya dubi ciki, ya sake duban waje. Na gaba suka miƙa wuya, na baya suna tambayar me aka gani.

"Babu," in ji mai unguwa a hankali. "Ruwa bai taɓa nan ba."

"Ruwa bai taɓa nan ba don ƙwaryar ta riga ruwa zuwa. Sawun Murtala na, gaskiya ta, amma na sahe na, shina tahiya rijiya. Wanda yak kihe shi ya san abin da za ya hwaru da azahar tun da hantsi."

Murmushin Muhtari yana nan a fuskarsa, ya manta bai ɗauke shi ba.

"Ƙila wani ya riga ni, Baba, ni na dai gyara ta..."

"Yanzu kac ce da hannunka. Kac ce bisa juji kat tsince ta."

Muhtari ya yar da gora ya zabura. Lungun ƙarami ne, ko taku uku bai yi ba aka rufe shi. Gorori suka tashi sama, waɗanda aka tanada don Murtala. Magaji ya san wannan ƙarar, ya ji ta bara, yana jin ta kullum. Ya kutsa da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ya faɗa a kan Muhtari, gora ɗaya ta sauka a kafaɗarsa.

"Ku hwara da ni!" ya yi ƙara. "Wanda duk ka son kashe mai kisa shi hwara da ni! Ni nik kashe Ado!"

Hannuwa suka tsaya a sama.

Ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya faɗa musu duka. Ya faɗi ƙwaryar bara da wanda ya kife ta, ya faɗi saƙar gizo-gizon, ya nuna musu babban yatsan da ya share ta da shi.

"Na gani, niy yi shiru, don kuna yi man kirari ina jin daɗi. Ado bai saci komi ba, bai sari kowa ba. Bakina yah hwara, hannuwanku sunka ida. Na ga sawun kowa wurin nan ranar, har yau ban mance ko guda ba. Yau kuma ga ni na sake nuna mutum. In na yi kuskure hwa? Wa za ya tashe shi?"

Wani dattijo a gaba ya sauke gorarsa ya jingina ta da katanga, ya ja baya kamar ba tasa ba. Saura suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a ƙasa. Saje Halilu ya ratso ta tsakiyarsu, ba wanda ya tare shi, ya sa wa Muhtari ankwa. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce gobe ma za a gan shi a tasha.

"In kun zo kun faɗa wa alƙali abin da kuka gani a ƙasar nan, ba za ku gan shi ba," in ji Sajen. "Wa zai zo?"

"Ni," in ji Magaji.

"Da ni," in ji mai unguwa, yana kwance igiyar hannun Murtala da kansa.

Kafin a kira magariba an buɗe rumfar gyaran baburan Muhtari a gaban shaidu. A ƙarƙashin tsofaffin tayoyi aka sami akwatin Hajiya. A can ƙasa kuma ga wata 'yar rediyo mai igiyar fata, wadda mutum uku suka shaida ta maigadin siton bara ce.

*

Da safe labari ya zo daga Gusau cewa Hajiya ta buɗe ido. Magaji ya yi hamdala, ya ɗauki sandarsa ya nufi gindin dalbejiya. Yau akwai 'yan aike a tsaye da kwanoni, har layi. Rahama tana juya waina.

"Na hwaɗa," ya ce.

"Na ji."

"Ina anka rufe shi? Ina son in tai."

Ta tsaya da juyawa. "Ni macce ta, ban bi gawa ba. Tambayi mazan unguwarku."

Ya tambaya. Ya tambayi mai unguwa, ya tambayi ladan, ya tambayi masu shago. Kowa sai ya sosa ƙeya. Ashe duk unguwar babu namiji ɗaya da ya bi makarar Ado, don wa zai yarda a gan shi a jana'izar ɓarawo? Ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya yi ta zagaye har rana ta take. Damina biyu ta bi ta kan wurin, ciyawa ta rufe komai. Mutumin da ya taɓa bin saniya kwana huɗu a kan dutse ya tsaya a tsakiyar kaburbura bai san gabas ba bai san yamma ba.

A nan Saje Halilu ya same shi, ya zo neman sa don a rubuta bayaninsa.

"Wa kake nema, Baba?"

Magaji ya faɗa masa.

"Ai da ka tambaye ni. Mu muka rufe shi. Ni da kurata biyu, da mai ga-ruwan nan na jiya. Shi ya kawo ruwan wanka da na kwaɓa ƙasa, shi ya cike mana na huɗu a makara. Biyo ni."

Sajen ya shiga gaba yana ture ciyawa da takalminsa, Magaji na biye, yana sa ƙafa inda ya sa. Suka wuce wata tsohuwar aduwa, suka tsaya a gaban wani ɗan tudu da ya fara lotsawa, ba alama ba komai. Sajen ya cire hula ya ja gefe.

Magaji ya durƙusa. Ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a, ya ga ya kamata ya fara kawo mutumin a ransa. Ya rufe ido ya nemi fuskar Ado. Shekara shida suna unguwa ɗaya, suna sahu ɗaya a masallaci. Ya nema, ya sake nema, ba ta zo ba. Abin da ya zo kawai takalmin taya ne, ƙafar dama, mai faci a dunduniya.